Kafin A Ce "An Samu Mai", A Nuna Mana Takardar Rijiya



Maganar da muka kawo yau za ta yi wa wasu kama da ta injiniyoyi, amma a ganinmu ta masu alƙalami ce. Magana ce a kan wata takarda da ake cikewa duk lokacin da aka gama aikin rijiyar man fetur ko ta iskar gas, da kuma yadda a wasu ƙasashe kowa ke iya ɗaukar wayarsa ya binciko takardar a intanet ba tare da ya nemi alfarmar kowa ba. Ra'ayinmu a taƙaice shi ne: duk rijiyar da aka haƙa a ƙasar jama'a, jama'a na da haƙƙin ganin takardarta, kuma duk marubucin da zai sa baki a zancen mai ya kamata ya iya karanta ta.

Mu fara da abin da ake nufi da kammala rijiya. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan masu haƙa bohol ya san cewa rami kaɗai ba ya ba da ruwa. Sai an zura kesin, an zuba tsakuwa, an wanke ramin, an sa famfo, sannan a gwada a ga ƙarfin ruwan. Rijiyar mai ma haka take, sai dai zurfinta kan kai kilomita 2 ko 3, wani lokaci ya wuce haka. Ana haƙawa ana zura bututun ƙarfe kashi-kashi, na sama ya fi faɗi, na ƙasa ya fi siranta, kowanne ana ɗura siminti tsakaninsa da bangon ramin. Idan an kai shimfiɗar dutsen da ake sa ran man yana ciki, sai a huhhuda bututun a daidai wurin don mai ya samu hanyar shigowa. Idan dutsen ya cika tauri, sai an tsattsaga shi da ruwa da yashi da ake turawa da ƙarfin gaske. Daga nan a zura siririn bututun da mai zai bi ya hau, a ɗaura famfunan baki, a gwada abin da rijiyar za ta iya bayarwa a awa 24. Wannan aikin gaba ɗaya shi ne kammalawa, kuma takardar da ke ɗauke da bayaninsa ita ce muke kira takardar kammala rijiya.

Inda aka fi sanin wannan al'ada shi ne Amurka, musamman jihar Texas, wadda ta fi kowace jiha a ƙasar fitar da ɗanyen mai. Hukumar da ke kula da harkar sunanta Railroad Commission, wato hukumar jiragen ƙasa, domin don jiragen ƙasa aka kafa ta a 1891. Daga baya aka ɗora mata kula da mai da gas, a 2005 kuma aka raba ta da sauran aikin jirgin ƙasa baki ɗaya, amma sunan ya zauna. Kwamishinoni uku ke jagorantarta, kuma jama'ar jihar ne ke zaɓensu. Kamfanin da zai haƙa rijiya sai ya cike takardar neman izini mai suna W-1. Idan ya kammala, rijiyar mai ce ya cike W-2, ta gas ce ya cike G-1. Ranar da zai toshe ta ya bar wurin, ya cike W-3. Daga haihuwar rijiya har zuwa kabarinta akwai takarda, kuma takardun suna cikin rumbun bayanan hukumar a intanet, kyauta.

Yadda ake binciken ba shi da wuya. Kowace rijiya a Amurka tana da lamba tata ita kaɗai, ana ce mata lambar API, kamar dai lambar mota. Lambobi biyu na farko na jiha ne, Texas ita ce 42. Uku na biye na gunduma ne, misali 329 ita ce gundumar Midland da ke tsakiyar yankin mai na Permian. Biyar na ƙarshe na rijiyar ce kanta. Wanda ke da lambar, ya rubuta ta a gurbinta takardun su fito. Wanda ba shi da ita, zai iya nema da sunan kamfani, ko sunan filin mai, ko gunduma, ko ya sa kwanan wata daga kaza zuwa kaza. Akwai ma taswira, mutum ya matso da ita har kan gonar da yake so, ya taɓa ɗigon rijiya ya ga bayaninta.

To me za ka tarar a ciki? Sunan kamfanin da ke da alhakin rijiyar. Ainihin wurin da take. Ranar da aka fara haƙa da ranar da aka gama. Zurfinta. Girman kowane bututu da inda ya tsaya, da yawan buhunan simintin da aka ɗura masa. Daga ƙafa nawa zuwa ƙafa nawa aka huda. Sunan shimfiɗar dutsen da man ke fitowa. Sai sakamakon gwaji: ganga nawa ta mai, iskar gas nawa, ruwa nawa, a yini ɗaya. Babu kirari a ciki, babu "gagarumar nasara", babu hoton wani da almakashi a hannu.

Sai dai karanta ta na buƙatar natsuwa, kuma ga wurare uku da sabon shiga kan yi tuntuɓe. Na farko, lambar gwajin farko ba ita ce abin da rijiyar za ta riƙa bayarwa kullum ba. Rijiyoyin da ake tsattsaga dutsensu sukan fara da ƙarfi, amma kafin shekara ta zagayo abin da suke fitarwa kan ragu da fiye da rabi. Na biyu, tsawon rami daban, zurfi daban. Rijiyoyin zamani sukan gangara ƙasa sannan su karkata su miƙe a kwance na kilomita 2 ko 3, don haka takardar kan nuna lambobi biyu, tsawon ramin gaba ɗaya da kuma zurfinsa a tsaye. Wanda ya haɗa su zai rubuta abin dariya. Na uku, ma'auni. Ganga ɗaya lita 159 ce, zurfi kuma da ƙafa ake rubuta shi, ƙafa 3 da 'yan kai ne mita ɗaya. A Texas ma akwai ƙarin abin lura: rahoton mai na wata-wata ana bayar da shi ne a kan fili gaba ɗaya, wanda zai iya ƙunsar rijiyoyi da yawa, na gas ne kawai ake bayarwa rijiya-rijiya.

Mun san wani zai ce, ina ruwanmu da Texas? Ruwanmu shi ne zancen mai ya shigo gidanmu, kuma ya shigo ne ta bakin 'yan siyasa kafin ya shigo ta takarda.

A ranar 22 ga Nuwamba 2022, Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin mai na Kolmani da ke kan iyakar Bauchi da Gombe, tsakanin ƙananan hukumomin Alkaleri da Akko. An sanar da cewa akwai mai fiye da ganga biliyan 1, da iskar gas ƙafa biliyan 500 a ma'aunin kubik. Kafin wannan, a 1999 kamfanin Shell ya haƙa rijiyar Kolmani ta farko ya tarar da gas wanda a lokacin aka ga bai kai na kasuwa ba. A Fabrairun 2019 NNPC ya fara haƙa ta biyu, a Oktoban shekarar ya sanar da cewa an samu mai da gas. A 2023 kuma aka fara haƙa rijiyar Ebenyi a ƙaramar hukumar Obi ta jihar Nasarawa, da ta Wadi a jihar Borno.

Duk lokacin da irin wannan sanarwa ta fito, dandali kan rabu biyu. Wasu su ce Arewa ta gama talauci, wasu su ce yaudara ce tsagwaronta. Ɓangarorin biyu abu ɗaya ya haɗa su: babu mai takarda a hannu. Kuma harshenmu na yau da kullum yana taimaka wa ruɗanin, domin da "an samu mai" ake fassara abubuwa huɗu mabambanta. Akwai ganin alamar mai a cikin dutsen da injin ya fito da shi. Akwai gwada rijiya a ga man yana gudu. Akwai tabbatar da cewa yawansa zai biya kuɗin da za a kashe, wanda sai an haƙa ƙarin rijiyoyi a kewaye kafin a sani. Akwai kuma fara fitar da shi ana sayarwa. Tsakanin na farko da na ƙarshe ana iya shafe shekara 10, ana kuma iya tsayawa a hanya har abada. Haka nan man da ke kwance a ƙasa daban, wanda za a iya fitarwa daban, domin a yawancin filayen duniya abin da ake iya ciro wa bai wuce kusan kashi ɗaya cikin uku ba. Takardar rijiya ce ke nuna wa mutum a wane mataki ake.

Tarihin yankin Tafkin Chadi ya isa darasi. Kafin shekarar 2000 NNPC ya haƙa rijiyoyi 23 a ɓangaren Najeriya, biyu ne kawai suka nuna gas, shi ma bai kai na kasuwa ba. A Yulin 2017 aka kai hari kan tawagar masu binciken mai a yankin Magumeri, mutane da dama suka rasa rayukansu, aka sace ma'aikata uku na Jami'ar Maiduguri waɗanda sai a Fabrairun 2018 aka sako su. An kashe kuɗi a wannan nema, an kuma zubar da jini. A daidai wannan lokaci, tsallaken iyaka a Jamhuriyar Nijar, man Agadem ya fara fita tun 2011, matatar Soraz da ke kusa da Damagaram tana tace ganga 20,000 a rana, daga baya aka shimfiɗa bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar tekun Benin. Me ya sa aka dace a can, aka yi ta fama a nan? Amsar tana cikin bayanan duwatsun da waɗancan rijiyoyi 23 suka ratsa. Busasshiyar rijiya ma ilimi ce, tunda ta nuna inda ba za a sake zuba kuɗi ba. Ƙasar Norway ta fahimci haka: hukumar da ke kula da man tekunta tana da shafi da ke jera kowace rijiyar bincike da aka taɓa haƙawa, da zurfinta, da kwanakinta, da abin da aka tarar, har da waɗanda aka rubuta musu "busasshiya" ƙarara.

Dalili na biyu shi ne kuɗi da iyaka. Kundin tsarin mulkin 1999 ya tanadi cewa aƙalla kashi 13 cikin 100 na kuɗin da aka samu daga ma'adinai ya koma jihar da aka ciro shi. Ke nan inda rijiya take a taswira magana ce ta biliyoyin naira. A 2012 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci kan rijiyoyi 76 da Kuros Riba da Akwa Ibom suke jayayya a kansu, ta bar wa Akwa Ibom, Kuros Riba ta fita daga jerin jihohin da ke karɓar wannan kaso. Filin da ke kan iyakar jihohi biyu kamar Kolmani, hikima ita ce a buɗe bayanin wurin kowace rijiya tun ana zaman lafiya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Dalili na uku shi ne ruwan sha, kuma shi ya fi damunmu. Layin da ya fi kowane muhimmanci a takardar kammalawa ga manomi da makiyayi shi ne na bututun sama da simintinsa, domin shi ke raba ruwan da mutane ke sha da abin da ke tasowa daga ƙasa. A Texas doka ta wajabta a zura wannan bututu har ya wuce zurfin ruwan da ake iya amfani da shi, a ɗura masa siminti. Idan siminti ya gaza, abin ba ya yin kyau. A Afrilun 2010, a rijiyar Macondo da ke Tekun Mexico, simintin ƙasan rijiyar ya gaza, aka kuma yi wa gwajin da ya kamata ya fallasa hakan mummunar fahimta. Mutum 11 suka mutu, mai ya yi ta malala kwana 87. A nan gida, rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar kan ƙasar Ogoni a 2011 ya nuna cewa a garin Nisisioken Ogale mutane na shan ruwan rijiya mai sinadarin benzin da ya ninka ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau 900. Tun 1956 aka samu mai a Oloibiri, amma sai bayan fiye da shekara 50 irin wannan awo ya fito fili. Mutanen Alkaleri da Akko da Obi suna da damar da mutanen Neja Delta ba su samu ba: su nemi takarda tun rijiyoyin ba su wuce a ƙirga da yatsu ba.

Amurka ita ma ta ɗanɗana kuɗar rashin takarda. Tun daga rijiyar Drake ta 1859 a Pennsylvania, an shafe shekaru da dama ana haƙa ba tare da cikakken rajista ba. Yau akwai dubban tsofaffin rijiyoyi marasa mai su, wasu suna tsiyayar gas a gonaki da bayan gidaje, wasu ma sai an bi su da na'ura kafin a gano inda suke. A 2021 gwamnatin ƙasar ta ware dala biliyan 4.7 don toshe irinsu. Buɗaɗɗen rumbun da muke yabo, wahala ce ta koya musu shi.

Akwai hujjojin da ake kawowa a kan wannan ra'ayi, kuma ba za mu yi kamar ba mu ji su ba. Ana cewa bayanan rijiya sirrin kasuwanci ne, kamfanin da ya kashe miliyoyin daloli ba zai yarda abokin gasarsa ya karanta sakamakon a banza ba. Wannan gaskiya ce, amma maganinta wa'adi ne. A jihar North Dakota kamfani na iya neman a rufe bayanan sabuwar rijiyarsa na wata 6, bayan nan a buɗe. Sirri mai ranar ƙarewa ya bambanta da sirrin har abada. Ana kuma cewa ai kamfanin ne da kansa ke cike takardar, zai iya shara ƙarya. Haka ne. Sai dai ƙaryar da aka rubuta da kwanan wata da sa hannu ta fi saukin kamawa kan wadda aka faɗa a lasifika, domin gobe za a iya ɗora ta a kan rahoton abin da aka fitar a ga ko sun yi daidai. Hujja ta ƙarshe ita ce talaka ba zai gane lambobin ba. To ai nan ne aikinmu yake. Ba kowa ke karanta kasafin kuɗi ba, amma ba wanda ya ce a daina buga shi.

Ga wani abin lura. A Texas yawancin man da ke ƙarƙashin ƙasa mallakar ɗaiɗaikun mutane ne, mai fili kan iya mallakar abin da ke ƙarƙashinsa, amma duk da haka takardun a buɗe suke. A Najeriya kuwa sashe na 44 na kundin tsarin mulki ya ce duk mai da gas na gwamnatin tarayya ne, wato amanar jama'a ce. Dokar masana'antar man fetur ta 2021 ma ta ware kashi 30 cikin 100 na wani ɓangaren ribar NNPC don neman mai a sababbin yankuna irin su Binuwai da Tafkin Chadi da Sakkwato da Bida. Idan da kuɗin jama'a aka haƙa rami, ina dalilin ɓoye musu abin da aka tarar a ciki? Kada ta zama rijiya ta bayar, guga ya hana.

Ba daga sifili za a fara ba. Hukumar NUPRC tana fitar da alƙaluman man da ƙasa ta haƙo kowane wata. NEITI, wadda dokarta ta fito a 2007, tana buga rahoton binciken kuɗin mai. Hukumar NOSDRA tana da taswirar malalar mai a intanet. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukumar gwamnati ya nemi takarda, ta kuma ba hukumar kwana 7 ta amsa. Abin da muke kira a ƙara shi ne bayani rijiya-rijiya: sunanta, wurinta, ranar farawa da gamawa, zurfi, bututu da siminti, sakamakon gwaji, da halin da take ciki yau, a shafin da ɗalibi a Gombe zai iya buɗewa da datar naira 200.

Mu kuma namu kason bai jira gwamnati ba. Labaran da ake rubutawa cike suke da attajirai masu "rijiyar mai", amma da wuya ka ga shafi ɗaya da ya san yadda rijiyar take, ko waye ke kwana a bakinta, ko me ke faruwa da gonar da aka yanka aka yi mata hanya. Marubucin da ya zauna da takarda ɗaya ta W-2 na awa guda zai tashi da abin da hasashe ba zai ba shi ba: kwanakin da aikin ya ci, buhunan siminti, ruwan gishirin da ke fitowa tare da man wanda dole a nema masa wurin zubarwa. Sannan akwai aikin harshe. Idan ba mu samar wa waɗannan abubuwa sunaye da Hausa ba, ranar da za a zauna da mutanen ƙauye kan diyya da ruwan sha, da Turanci za a yi maganar, su kuma su dangwala yatsa.

Don haka ga aikin wannan mako ga mai sha'awa. A shiga shafin Railroad Commission na Texas, a nemi sashen takardun kammala rijiya, a zaɓi gundumar Midland, a buɗe takarda ɗaya kowace iri. A fito da abu biyar: wa ya haƙa, yaushe, zurfi nawa, ina bututun sama ya tsaya, ganga nawa ta bayar ranar gwaji. Sai a rubuta su da Hausa a kalmomi 150, yadda wanda bai taɓa shiga aji ba zai gane idan an karanta masa. A juya ƙafa zuwa mita, a juya ganga zuwa lita. Duk kalmar da ta gagara, a kawo ta mu yi shawara a kanta tare.

Wanda ya yi wannan sau ɗaya, ranar da aka sake cewa an samu mai a wani gari zai san tambayoyin da zai yi: wace rijiya, an gwada ta, ganga nawa, ina takardar?

Sai mun ga abin da kuka rubuto. Mu haɗu a mako mai zuwa.